Idan manajan gini ya aiko da ƙarin caji, biya za ka yi ko ja?

Manajan benen da kake zaune ya turo takarda yana neman wani kuɗi ban da wanda ka saba biya duk wata ko duk shekara. Dole ne ka biya? Idan ka ƙi, me zai same ka?

Tambayar nan ta yawaita a bakin mazauna manyan gine-ginen da iyalai da dama ke zama a cikinsu, musamman tun da kuɗin makamashi da na inshora da na kayan gini suka yi tashin gwauron zabi a 'yan shekarun nan. Mutane sun kasu biyu. Akwai masu ganin duk wani ƙari cuta ce, su rantse ba za su ba da ko sisin kwabo ba. Akwai kuma masu biya baki alaikum, don tsoron kada a kai su kotu ko a raba su da muhallinsu. A ganina dukkansu asara suke yi, domin tsakanin ƙin biya da biya ido rufe akwai hanya mai faɗi, wato neman a baje maka lissafi.

Wane kuɗi ake magana a kai?

Duk ginin da mutane da yawa suka haɗu a cikinsa yana da sassan da ba na kowa ba ne shi kaɗai: rufi, harsashi, matakala, lifta, manyan bututun ruwa, fitilun baranda, wurin ajiye motoci. Kula da su na cin kuɗi, sai a raba wa mazauna. Shi ne kuɗin hidima, kuma galibi ana karɓarsa bisa ƙiyasin da aka yi a farkon shekara.

Ƙarin da ake rigima a kansa iri-iri ne, kuma bambance su shi ne matakin farko. Wani cike giɓi ne: an kashe fiye da ƙiyasi, sai a nemi cikon a ƙarshen shekara. Wani na babban gyara ne da ba ya zuwa sai jefi-jefi, kamar sauya rufi ko lifta, kuma shi ne mai karya baya. Na ukun shi ne cajin da ake ɗora wa mutum ɗaya: ladan rubuta masa wasiƙar tuni, tarar jinkirin biya, kuɗin ba shi izinin yin gyara a ɗakinsa, ko na ba shi takardu idan zai sayar.

Shi kansa manajan wakili ne. Ko dai mai ginin ne ya ɗauke shi aiki, ko ƙungiyar masu mallakar ɗakunan. Kuɗin da ke hannunsa ajiya ce, shi ya sa a Ingila dokar 1987 ta ɗauki kuɗin hidimar da aka tara a matsayin amana da ake riƙe wa waɗanda suka biya. Wanda kuwa aka ba amana ba ya fushi don an ce ya kawo lissafi.

Daga ina ƙarin yake fitowa?

Mafi yawan ƙari yana da dalili na gaske. Gini yana tsufa, kaya na tsada, kamfanonin inshora na ƙara farashi, hukuma na fito da sababbin ƙa'idojin kariya daga gobara. Babban dalilin da ba a cika faɗa ba shi ne rashin asusun ajiya. Rufi da lifta suna da shekarun da za su yi su gaji, kuma an san haka tun ranar da aka kafa su. Idan ana ware wani abu kaɗan duk shekara, ranar gyara ba ta zama ranar kuka. Amma mazauna na son caji mai sauƙi, manaja kuma na son kada a sallame shi, sai a haɗu a yi ta ɗage ajiyar, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Faransa ta ga wannan matsala ta wajabta asusun gyara tun daga 2017, inda ake zuba aƙalla kashi 5 cikin ɗari na kasafin shekara.

Sai kuma ƙarin da asalinsa son zuciya ne. Manaja ya ba kamfanin da yake da alaƙa da shi kwangila ba tare da an gwada farashin wasu ba. A caji aiki ɗaya sau biyu, sau ɗaya a cikin ladan gudanarwa, sau ɗaya da sunan aiki na musamman. A saka kuɗin shara ko gadi na ranakun da ba wanda ya zo. Wanda ya fi ɓoyuwa shi ne kamashon inshora: dillali ya sayar wa gini inshora, ya yanka wa manaja ko mai ginin wani kaso, mazauna kuma su biya duka ba su sani ba. Hukumar da ke sa ido kan harkokin kuɗi a Birtaniya ta binciki wannan a 2022 da 2023, ta tabbatar ana raba kamashon, sannan ta wajabta bayyana shi ga mazauna. Duk inda mai zaɓar farashi ba shi ne mai biya ba, irin wannan ɓaraka tana iya aukuwa, ko da wace ƙasa ce.

Tambaya ta farko: takardarka ta yarda da shi?

Manaja ba shi da ikon karɓar abin da yarjejeniya ba ta ba shi ba. Kafin ka ɗaga murya, ɗauko takardar mallakarka ko ta hayarka da dokokin ginin, ka nemi wurin da aka ambaci abin da ake cajinka. Idan takardar ta ce gyara kawai, to ƙawata gini da sabon abin da babu shi a da ba lallai ya shiga ciki ba. Rigingimu da yawa a kan wannan gaɓar suke tsayawa, tsakanin gyaran abin da ya lalace da ƙirƙiro sabo.

Sai dai takardar nan wuƙa ce mai baki biyu, kuma shari'ar Arnold da Britton ta nuna haka ƙarara. A wani wurin shaƙatawa da ke Oxwich a yankin Wales, an ba mutane hayar ƙananan gidaje na shekara 99. Takardun wasunsu sun ce kuɗin hidima fam 90 ne a shekarar farko, yana ƙaruwa da kashi 10 cikin ɗari kowace shekara. A lokacin da aka sa hannu hauhawar farashi na da yawa, don haka ba wanda ya ga abin tsoro. Amma ƙari kan ƙari ba ya tsayawa. Da aka je Kotun Ƙolin Birtaniya a 2015, lissafi ya nuna wanda ya karɓi haya a 1980 zai riƙa biyan sama da fam 550,000 a shekara idan aka kai 2072. Duk da haka kotun ta ce kalmomin a fili suke, kuma ba aikinta ba ne ta ceci mutum daga mummunan cinikin da ya ƙulla da hannunsa. Hukuncin yana da ɗaci, ni ma ina jin ɗacinsa. Darasinsa ga mai shirin saye ko kama haya shi ne ya karanta sashen kuɗin hidima kafin ya duba launin fenti.

A cikin takardar ne kuma za ka ga kasonka. Jimillar kuɗi na iya zama daidai amma rabon ya karkace. Wasu gine-gine na raba wa daidai wa daida, wasu bisa girman ɗaki, wasu bisa amfanin da mutum ke samu. Dokar Faransa ta 10 ga Yuli 1965 ta ware kuɗin kayan aiki irin su lifta ta ce a raba su gwargwadon amfaninsu ga kowane ɗaki, shi ya sa mazaunin hawan ƙasa ba ya biyan lifta idan ba ta kai shi ko'ina. Kuskuren kaso ɗaya cikin ɗari yana iya shafe shekaru ana maimaita shi ba wanda ya lura.

Tambaya ta biyu: an bi ƙa'ida da wa'adi?

Nan ne mazauna suka fi samun nasara, domin wa'adi ba ya buƙatar dogon musu. Ko an cika shi ko ba a cika ba.

A Ingila da Wales, dokar 1985 ta ce idan babban aiki zai ci wa mazauni ɗaya fiye da fam 250, dole a tuntuɓi mazauna tukuna, a ba su kwana 30 su faɗi ra'ayinsu, a kuma nuna musu farashin 'yan kwangila. Idan aka tsallake wannan, abin da za a iya karɓa daga kowa ba ya wuce fam 250 ɗin, sai in kotu ta yafe wa mai ginin. Tun hukuncin da Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke a shari'ar Daejan da Benson a 2013 yafiyar ta yi sauƙi, domin abin da kotu ke dubawa yanzu shi ne ko rashin tuntuɓar ya jawo wa mazauna asara ta zahiri. Saboda haka bai isa ka ce ba a tambaye ka ba, sai ka nuna abin da da ka faɗa, ko farashi mai rahusa da da ka kawo. Dokar ta kuma hana neman kuɗin da aka kashe fiye da wata 18 baya, matuƙar ba a sanar da mazauna a rubuce cikin wannan lokaci ba.

A Jamus mai gida yana da wata 12 bayan ƙarewar shekarar lissafi ya miƙa wa ɗan haya bayanin kuɗin hidima. Idan ya makara da laifinsa, ya rasa damar neman ciko. Ɗan haya ma yana da wata 12 ya kawo ƙorafi. A Faransa wa'adin ya fi gajarta: wanda bai yarda da shawarar babban taron masu gini ba yana da wata biyu kacal daga ranar da aka miƙa masa rahoton taron, kuma damar ta wanda ya ƙi amincewa ne ko wanda bai halarta ba. Wanda ya ɗaga hannu ya amince a taro ba zai dawo ya ce an zalunce shi ba.

Adadin kwanakin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma tambayoyin iri ɗaya ne. Wa ya amince da wannan kashe kuɗi, a wane taro, mutum nawa suka halarta, yaushe aka sanar da ni? Kuma wa'adin yana cin kowa, har da kai mai ƙorafi. Mutane da yawa suna da gaskiya amma sun zauna suna gunaguni a matakala har lokacinsu ya ƙure.

Tambaya ta uku: kuɗin ya dace da aikin?

Wannan ita ce mafi wuya, domin tsada kaɗai ba hujja ba ce. Ba a tilasta wa manaja ɗaukar ɗan kwangila mafi arha ba. Abin da ake nema gare shi shi ne kuɗin ya kasance cikin hankali, aikin kuma ya yi inganci. Idan ka ce an yi tsada, za a ce maka idan aka kwatanta da me? Amsarka ita ce farashin wasu kamfanoni biyu ko uku a kan aiki iri ɗaya, hotuna masu kwanan wata na aikin da aka yi rabi da rabi, ko rahoton injiniya mai zaman kansa idan kuɗin ya kai a ɗauko shi.

Kafin nan sai ka ga rasit. Takardar da ta ce "gyare-gyare" ta ɗora adadi a gaba ba lissafi ba ce. Nemi rasit ɗin ɗan kwangila, takardar kwangilar, bayanin asusun banki na ginin, da takardar inshora. Dokokin ƙasashe da dama sun ba mazauni wannan dama a fili. Ka nema a rubuce, ka faɗi ainihin abin da kake so, ka sa ranar da kake jiran amsa. Wasiƙa mai layi goma da ta ambaci caji ɗaya da sashen yarjejeniya ɗaya ta fi shafi biyar na zage-zage tasiri, domin ita ce alƙali zai iya karantawa ya gane. Maganar da aka yi a waya ko a bakin ƙofa kuwa, in ba ka bi ta da saƙo rubutacce ba, iska ta kwashe ta.

Haɗarin riƙe kuɗi

Abin da zuciya ke fara raya wa mutum shi ne ya daina biya har sai an saurare shi. Ina ganin wannan ne kuskure mafi tsada a duk lamarin. Da zarar ka daina biya, ka tashi daga mai ƙorafi ka koma wanda ake bi bashi. Tara da kuɗin ruwa da ladan lauya za su hau kan asalin kuɗin. A jihohi da dama na Amurka ƙungiyar masu gini na iya ɗora wa ɗakinka alamar bashi, har ta kai ga a yi gwanjonsa. A Ingila bashin da ya wuce fam 350, ko wanda ya haura shekara uku, yana iya buɗe wa mai ginin ƙofar neman ƙwace doguwar hayar da ka sayi ɗakin a kanta gaba ɗaya bayan an tabbatar da shi, kuma sau da yawa bankin da ya ba ka rancen sayen ɗakin ne zai biya don kare kansa, ya ɗora maka a kan rancen.

Hanyar da ta fi tsira ita ce ka biya abin da ba ka ja a kansa, sannan wanda kake ja a kansa ka biya tare da rubuta cewa ba ka amince ba kuma za ka bi kadinsa. Dokar Ingila ta faɗa ƙarara cewa biya shi kaɗai ba ya nufin amincewa. Akwai wuraren da doka ta halatta riƙe kuɗi, misali idan takardar neman kuɗin ba ta cika sharuɗɗanta ba, ko an hana ka ganin rasit, amma wannan mataki ne da ake ɗauka bayan shawarar masanin dokar wurin, ba cikin fushi ba.

Akwai wani tarko kuma da ya kamata a sani. Wasu yarjejeniyoyi sun ba mai gini damar zuba kuɗin lauyansa cikin kuɗin hidima. Ma'ana kana iya cin shari'a, sannan kai da maƙwabtanka ku biya lauyan da ya yi faɗa da kai. A Ingila ana iya roƙon kotu ta hana hakan, amma sai wanda ya san da shi ya roƙa.

Idan manajan ne ke da gaskiya fa?

Ba zan yi wa wannan batu adalci ba idan ban tsaya a nan ba. A ranar 24 ga Yuni 2021 wani ɓangare na benen Champlain Towers South mai hawa 12 ya rufta a Surfside da ke jihar Florida ta Amurka, mutum 98 suka mutu. Tun 2018 wani injiniya ya ba da rahoton babbar lalacewa a kankaren da ke ƙarƙashin farfajiyar wurin ninƙaya. An shafe shekaru ana kai-kawo kan kuɗin gyara, har aka amince da tara kimanin dala miliyan 15 a 2021, inda kason kowane ɗaki ya kama daga wajen dala dubu 80 zuwa sama da dala dubu 300. Ginin ya faɗi kafin a kai ga babban aikin. Bayan haka Florida ta yi doka a 2022 da ta wajabta binciken tsofaffin benaye masu hawa uku zuwa sama, ta kuma hana mazauna kaɗa ƙuri'ar yafe wa kansu ajiyar gyaran ginshiƙan gini. Sakamakon shi ne caji ya yi tsalle, tsofaffi masu rayuwa da fansho suka shiga tsaka mai wuya, wasu suka sa ɗakunansu a kasuwa.

Duka ɓangarorin biyu abin tausayi ne, kuma ba na raina kukan wanda aka ce ya kawo abin da bai taɓa riƙewa ba. Amma idan injiniya ya ce ginshiƙi na ruɓewa, abin da ya dace a yi jayayya a kai shi ne farashi, da ɗan kwangila, da yadda za a biya kaɗan-kaɗan, da neman injiniya na biyu ya tabbatar. Jinkirta aikin kansa caca ce da rayuka.

Wani lokaci kuma aikin wajibi ne amma ba mazauna ya kamata su biya ba. Bayan gobarar benen Grenfell a Landan ranar 14 ga Yuni 2017, wadda ta ci rayuka 72, an gano benaye da yawa an lulluɓe su da kayan da ke kama wuta. Aka riƙa aika wa mazauna takardun biyan kuɗin cire su, da na masu sintirin gobara dare da rana, alhali ba su suka gina ba, ba su suka zaɓi kayan ba. Sun yi shekaru suna fafutuka tare kafin dokar tsaron gine-gine ta 2022 ta kare da yawansu daga kuɗin cire lulluɓin a benayen da suka kai mita 11 ko hawa biyar. Don haka tambayar "laifin wa?" tana da muhalli. Idan maginin ne ya yi ha'inci, ko manaja ya yi sakaci har ƙaramar yoyo ta zama ruɓewar rufi, akwai hujjar cewa ƙarin da sakacin ya haifar ba naka ba ne.

Ɗan haya da mai mallaka

Matsayinsu ba ɗaya ba ne. Mai mallakar ɗaki yana da ƙuri'a a taro kuma shi ke ɗaukar babban gyara. Ɗan haya ba shi da ƙuri'a, kuma mu'amalarsa da wanda ya ba shi haya ce. Abin da zai lura da shi shi ne kada a sauke masa nauyin da ba nasa ba. A Jamus an jera nau'o'in kuɗin da za a iya ɗora wa ɗan haya, an kuma fitar da ladan gudanarwa da kuɗin gyara daga ciki. Faransa ma tana da irin wannan jeri tun 1987.

Ina ake kai ƙara?

Ana farawa daga manajan, sai kwamitin mazauna ko mai ginin da ya ɗauke shi, sai hukumar sasanci ko ƙungiyar da ta ba shi lasisi idan akwai, sannan kotu. Wasu ƙasashe na da ƙananan kotuna na musamman da ba sai da lauya ba. A Dubai dokar 2019 ta sa sai hukumar kula da harkar gidaje ta amince da kasafin kuɗin hidima kafin a nemi mazauna su biya, don haka can tambayar farko ita ce ko cajin ya sami wannan amincewa.

Kafin ka shiga kotu ka auna abin da kake nema da abin da shari'ar za ta ci, har da zaman maƙwabtaka, domin sau da yawa 'yan kwamitin da kake ja da su mutanen da kuke haɗuwa a lifta ne, masu aikin sa kai ba albashi. Ka kuma tuntuɓi sauran mazauna. Cajin da ya zo maka ya zo musu, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutum ashirin za su iya haɗa kuɗin akanta ko injiniya wanda mutum ɗaya ba zai iya ba, za su iya tilasta kiran taro, za su iya sauya manaja idan kwangilarsa ta ƙare. A Ingila da Wales dokar 2002 ta ba waɗanda suka sayi ɗaki bisa doguwar haya damar karɓe gudanar da gininsu ba sai sun tabbatar da laifin kowa ba, muddin aƙalla rabin ɗakunan sun shiga. Waɗanda suka yi hakan sukan tarar da cewa wasu caje-cajen sun ragu nan take, musamman kamasho da ladan gudanarwa, amma rufin na nan yana jiran gyara, kuma yanzu su ne za su rubuta wa maƙwabtansu takardar neman kuɗinsa.